Riga Mai Dogon Hannu

Shagona yana bakin titin Dilimi:
keke biyu, almakashi, da madubi mai tsaga.
Shekara sha ɗaya ina auna mata,
tef ɗina ya san abin da liman bai sani ba.

Hansatu ta zo ran Laraba da atamfa,
ta ce, "Dogon hannu, har wuyan hannu,
wuyan ma a rufe shi." Na ce, "Sanyin Jos?"
Ta ce, "Sanyin Jos." Muka yi dariya.
Watan Maris ne fa. Ko kare neman inuwa yake.

Da tef ya taɓa kafaɗarta ta ɗauke numfashi.
Na ga shatin, kamar an tsoma shi a marina,
ga wani tsoho a ƙasansa, ya koma ruwan ɗorawa.
Na rubuta: kafaɗa sha biyar.
Sauran ban rubuta ba.

Na san Tanimu tun yana achaba,
mai gaisuwa har ƙasa, ɗan sahun gaba.
Aka hana babur, ya sayar, kuɗin ya narke,
ya koma ɗumama benci a titin Bauchi,
ƙwaya a aljihu, ga majalisa tana zuga:
wanda mace ke ciyarwa, ai mijin-ta-ce ne.
Ita kuwa tana Farin Gada tun asuba,
tana kasa dankali da kabeji,
duk nairar da ta shigo da ita gida
sai ta zame masa ƙaya a maƙogwaro.

Amma kada a ɗora wa babur.
Maza nawa aka raba da babur
ba su ɗaga wa kowa hannu ba?
Uwata ta san uwarsa a Gangare,
da giɓin haƙori biyu aka kai ta makwanci.
Yaro yana leƙe ta bayan labule,
ya haddace darasi ba allo ba tawada.

Ta je gida. Baba ya ce aure ibada ne.
Inna ta ce, "Mu ma haka muka sha,"
ta ƙulla mata daddawa, ta raka ta bakin titi.
Caji ofis suka ce maganar cikin gida ce,
suka tambayi kuɗin mai.
Maƙwabta? Ai mu ne maƙwabtan.
Da an fara, sai mu ƙara muryar rediyo.

Yanzu sai na tsaya ta damanta nake magana,
kunnen hagu ya toshe tun azumin bara.
Cikin wata biyar ya zube a kan siminti,
aka ce wa likita santsi ne.
Teburinta na kasuwa wata ce a kai.
Ɗanta Nafi'u, shekararsa shida,
jiya ya shaƙe ƙanwarsa a kan ƙyallen da ya faɗo mini,
ya ce, "Ba na hana ki magana ba?"
da muryar da ba tasa ba.

Daren nan na tasa atamfar a gaba.
Na buɗe littafin awo na ƙirga:
riga bakwai, duka masu dogon hannu.
Ashe da ni ake aikin.
Shi ya buga, ni in lulluɓe,
in karɓi kuɗin ɗinki, in ce a gaida gida.

Na ajiye almakashi.
Akwai ɗaki a bayan shagon nan,
katifa ɗaya, ƙofa mai sakata ta ciki.
Akwai lambar wata lauya
da na taɓa yi wa ɗinkin biki.
Gobe Hansatu za ta zo karɓa.
Ban san me za ta ce ba, wataƙila ta ce sanyi.
Atamfar na nan a ninke, ban yanka ba.

Zan tsaya ta damanta.